Wuƙar Takaba a Sadakar Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar arba'in ɗin maigidana ba, ko da zan manta da sunana. Ni ban iya rubutu ba, 'yata Rabi ce ke rubutawa, kuma na ce mata kar ta gyara min magana. Idan na tsaya kuka sai ta jira.

Malam, Allah ya jiƙansa, mahauci ne a nan Agege. Da ƙuruciyarsa ya yi dambe a ƙauyensu, da ya tsufa sai son ya koma kan damben Turawa. Yana da kaset-kaset jibge a ƙarƙashin gado. Duk ranar da aka kawo wuta sai ya kunna bidiyo, ni ina tankaɗe a gefe, yana min bayani: wannan ya saki haɓa, wancan ƙafarsa ta mutu. Tun ina cewa ya ƙyale ni har na zo na fi shi ihu. (Yara sun tashi sun bar mu, da wa zai yi hirar in ba ni ba?)

Ya rasu ba da daɗewa ba bayan soja sun koma bariki. A lokacin kuwa duk majalisar unguwa magana ɗaya ake yi. Zakaran duniya na masu nauyi, wanda Malam ke kira Dogo, zai zaɓi wanda zai kara da shi. Akwai wani Gajere mai ƙirji kamar turmi da kowa ke son a haɗa su, sai aka ji Dogo na neman wani lusari da ba a san shi ba. Malam yana kwance, ko koko ba ya iya haɗiyewa, amma ya kama hannuna ya ce, "In ya guje wa Gajere, to ba zakara ba ne, ɗan kasuwa ne."

Ranar sadakar ina cikin takaba. Tsofaffin gida sun gindaya min dokoki: ba ɗaga murya, ba sauri, ba fita gaban maza. Sun kuma ba ni 'yar wuƙa irin wadda mai takaba ke riƙewa a wajenmu, ko bayi zan je tana hannuna. Na saba da ita har na daina jin ta.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, daidai tagar ɗakina. Liman ya shafa fatiha, aka fito da waina da gumba. Ban gama share hawaye ba sai na ji an shiga hirar dambe. Wannan bai dame ni ba, Malam ma da yana nan da shi za a yi. Abin da ya dame ni muryar Alhaji Tanimu mai goro ce, wanda shi da Malam suka yi shekaru suna musu ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba.

"Ai dabara ce Dogo ya yi," in ji shi. "Wane mai hankali ne zai kai haɓarsa wurin Gajere? Marigayi ma da na je duba shi, cewa ya yi, Alhaji, gaskiyarka, na sallama."

Wani ya ce, "Haba oga, shi da bakinsa?"

"Da bakinsa! Har ya ce duk shekarun nan ni ke da gaskiya."

Jama'a! Mutum yana kabari, ba shi da bakin ramawa, ka ci wainar sadakarsa sannan ka kayar da shi a bayan ido? Abin da ka kasa yana raye?

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai ganina na yi a tsakiyar maza, ba takalmi, mayafi ya zame.

Na ce, "Alhaji Tanimu, ka ji tsoron Allah! Sannu kawai ka ce masa ka fita, ina zaune! Kuma wace dabara? Tsoro ne! Dogo in ya gaji hannunsa na dama sauka yake yi, Gajere ya shige ta ƙasa, ya ɗauko shi haka..."

Na kuwa gwada. Na duƙa, na ɗago hannu da ƙarfi yadda Malam ya koya min. Hannun da wuƙar ke ciki.

Alhaji Tanimu ya yi baya ya zauna daɓas cikin kwanon gumba. Liman, dattijon da ke tashi da sanda, ya yi tsalle ɗaya sai ga shi a hayin kwata yana salati. 'Yan okada suka tsaya kallo. Maƙwabciyarmu Iya Risika ta ɗora hannu a ka tana kururuwa da Yarabanci wai matar mahauci za ta yi yanka.

Daga cikin gumbar Alhaji ya ce, "Yi haƙuri, Inna. Wataƙila ban ji shi da kyau ba ne."

Sai a lokacin na dubi hannuna. Na so ƙasa ta buɗe. Liman daga hayin kwata ya ce a hankali, "Baiwar Allah, koma ciki. Mun shaida, bai sallama ba."

Na koma ɗaki, tsofaffi suka yi min wankin babban bargo. Har yau in na bi ta tasha, yaran motocin danfo sai su ce, "A ba Mama Zakara hanya!" Alhaji Tanimu kuwa daga nesa yake gaishe ni, idonsa a kan hannuna.

Kunyar ba ta sake ni ba. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne, mutumin da zai fi kowa dariyar wannan labari ba ya nan da zan ba shi. Na san abin da zai ce, wai na saki haɓa.

Rabi, rubuta wannan a ƙarshe. Mace in za ta tare wa mijinta faɗa, ta tare masa. Ta dai fara ajiye wuƙar.