Yadda Za Ka Ga Hoton Ɓoye a Gidan Surukai Ko da Ba Ka Ga Komai Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai an rako ka har gindin kekenka ana ɗaga maka hannu. Ƙanena Sjoerd ya bi su a garin Leeuwarden, ga shi yau da zoben aure.

1. Karɓa da hannu biyu

Ranar murnar haihuwar Baba Douwe, mahaifin budurwarsa Wietske, dangi sun zauna a da'ira, kowa da kofi da yankan kek. Tsohon ya miƙo wa Sjoerd wata takarda mai ɗige-ɗige, wadda aka ce da hoto a ɓoye cikinta.

"Saurayin da ya riga ka bai gano shi ba," in ji shi. "Mu ma ba mu sake ganin saurayin ba."

Kai dai karɓa ka yi godiya.

2. Manna hanci

Ɗora ta a kan hancinka, ka riƙa janyewa a hankali kana duban nesa, kamar wanda jirgin ƙasa ya tafi ya bari. Masana sun ce kowane ido zai kama nasa ɗigon, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ƙago zurfin da babu. Sjoerd dai hawaye kawai ya samu.

3. Yi ihu

"Kaaai!" Ja shi da tsawo. Mai mamaki ba a katse shi.

4. Faɗi wani abu, da ƙarfi

"To, samari, me ka gani?" in ji Baba Douwe.

"Jirgin ruwa!" in ji Sjoerd.

Kakar Wietske ta ajiye cokali. "Saniya ce, ɗan nan."

5. Kada ka ja da baya, ƙara gaba

"Ƙwarai, Kaka. Ai saniyar a cikin jirgin take."

Wietske ta ƙware da kofi. Baba Douwe ya fizge takardar, ya manna hanci. Can sai ya buga cinya: "Ga tutarsa nan! Yaya aka yi ban taɓa lura ba?"

Takarda ta zaga. Kowa ya ga jirgi. Wata goggo har matuƙin ta gani, da hularsa.

Gargaɗi

Abin da zai biyo baya, ba ruwana. Yanzu duk Lahadi sai Baba Douwe ya sayo sabuwar takarda, ya tara maƙwabta su zo kallon surukinsa mai kaifin ido. Makon jiya har da likitan ido na unguwa, ya zauna a kujerar gaba.