Ɗan Tsakon Da Ya Halarci Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Nura ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kirikasamma ba za su bar ni ba.

Ni tela ne a Haɗeja, amma 'yan unguwarmu cewa suke na fi ƙwarewa a kaji fiye da keken ɗinki (da zolaya suke faɗa, ni kuwa yabo nake ɗaukarsa). Kuma gaskiyarsu, na san kaza. Da na ga ta fara tayar da gashi, ta lafe a gurbi tana yi wa kowa gurnani, na san kwanci ya zo. Sai in ware mata lungu, in barbaɗa toka saboda ƙuma, in shimfiɗa mata ƙaiƙayin shinkafa. Ƙwan da na zaɓa sai na yi musu alama da gawayi, don kada wata kazar ta lallaɓo ta ƙara mata sabo. Ruwa da dusa suna kusa, ta sauko ta ci ta koma kafin ƙwai ya huce. A majalisa har bugun ƙirji nake cewa a gidana ba a san baragurbi ba.

A daminar nan wata kazata wake-wake ce take kwanci. Ruwa ya yi yawa, ƙasa duk danshi, har sai da na ɗora gurbinta a kan bulo. Ana cikin haka babban wana, Yaya Sale, ya aiko kirana, ya ce ni zan zama wakilin ango a auren ɗansa Nura da za a ɗaura a Kirikasamma. Ban taɓa yin wakilci ba. Na ji daɗi ƙwarai, na zauna na ɗinka wa kaina babbar riga da 'yar ciki na farar shadda, na yi ta maimaita kalmomin neman aure ina taka keke.

Da safiyar ranar na leƙa lungun kazar, sai na tarar ta ƙyanƙyashe, har ta fito da 'ya'yanta tsakar gida tana koya musu tono. Ƙwai ɗaya ta bari a gurbi. Na ɗauka zan jefar, raina a ɓace, sai na ga 'yar tsaga a jikinsa. Na kara a kunne. Wata siririyar murya ta ce tsiyu.

Na kama uwar na mayar da ita gurbi, ta sakar mini sara a hannu ta koma wajen 'ya'yanta. Na juya ga matata Hajara, wadda ta riga ta yafa mayafi za ta tafi gidan Yaya Sale aikin abinci.

"Ki taimaka ki riƙe mini ƙwan nan a jikinki, ɗumi kawai yake buƙata."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, tukwane zan je ɗorawa, ba kwanci ba. Uwarsa ma ta haƙura, kai ma ka haƙura mana."

"Rai ne fa a ciki, Hajara."

"To kai ka kwanta masa," in ji ta, ta fice tana dariya.

Mota tana ta hon a ƙofar gida. Na yagi auduga na naɗe ƙwan, na zura shi a aljihun ƙirji na 'yar cikin, na jefa babbar riga a kai. A lissafina sai yamma zai fito, lokacin mun daɗe da dawowa. (Ka tuna, ni gwani ne.)

A mota an matse mu kamar kifi a kwando. Ruwa ya kwanta dama da hagu na hanya, masunta suna ta kai-kawo a kwale-kwale, ni kuwa ban ga komai da kyau ba, don duk ramin da muka faɗa sai na dafe ƙirji. Yaya Sale ya lura.

"Lafiya kuwa? Ko fargaba ce tun yanzu?"

"Wace irin fargaba, Yaya? Ai yau za ka ga wakilci."

A ƙofar masallaci aka shimfiɗa tabarmi, jama'a maƙil. Aka zaunar da ni gaban liman, gwiwata tana gugar ta waliyyin amarya, baffanta Alhaji Bukar, dattijo mai farin gemu wanda aka ce ba a cika ganin haƙoransa ba. Can gefe ga sanƙira, mai maimaita wa jama'a duk abin da aka faɗa da ƙarfi. Don na nesa su ji, an kuma kawo lasifika.

Liman ya yi salati, wuri ya yi tsit. Aka miƙo mini abin maganar, na riƙe shi daidai ƙirjina, na gyara murya.

"Ina nema wa ɗana Nura auren..."

Tsiyu! Tsiyu! Tsiyu!

Jama'a, ba a aljihuna kaɗai aka ji ba. Lasifika ta kwashi kukan ta watsa shi har bakin kasuwa. Mutane suka fara waige-waige. Liman ya ɗaga kai ya ce, "Don Allah a taimaka a kashe wayoyi."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na zaro wayata daga aljihun gefe, na ɗaga ta kowa ya gani, na danne ta har ta mutu, na ce, "A gafarce ni, Allah gafarta Malam. Yara ne suka canza mini kiɗan."

Na sake ɗaukar magana daga farko. "Ina nema wa ɗana Nura auren 'yarku..."

Tsiyu! Tsiyu!

Ga wayar a kan tabarma, a mace, kowa yana kallonta. Sai na ji motsi a ƙirjina, da wani danshi mai ɗumi yana ratsa sabuwar shaddata. Na kai hannu in danne wurin, na tuna rai ne, na janye. Kafin in san abin yi, wani ɗan kai jiƙaƙƙe, da guntun ɓawo manne a ƙeyarsa, ya leƙo ta wuyan babbar rigata, ya yi ido huɗu da Alhaji Bukar.

Yaya Sale ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Sanƙira kuwa, da yake aikinsa shi ne sanar da na baya abin da ake ciki, ya cika huhunsa ya rangaɗa:

"Jama'a ku shaida! Wakilin ango ya ƙyanƙyashe!"

Wurin ya rushe da dariya. Na ga dattawa suna share hawaye da bakin rawani. Liman ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na so ƙasa ta tsage, amma ko ta tsage ba zan iya shiga da sauri ba, saboda ina tallafe da ɗan tsako.

Alhaji Bukar kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu, na ɗora masa tsakon. Ya cire ɓawon a hankali, ya tuɓe hularsa ya sa shi a ciki, ya ajiye a cinyarsa. Sannan ya ce, "To Malam, ka sauka lafiya. Yanzu me kake nema a wajenmu?"

Aka sake ɓarkewa. Da ƙyar aka lafa, na faɗi buƙatata da muryar da ban san tawa ba ce, ya ce ya bayar, na ce na karɓa, aka shafa fatiha. Da zan tafi na nemi tsakona, ya ce abin da aka haifa a Kirikasamma ɗan Kirikasamma ne. Na ji labarin ya girma ya zama ƙaton zakara, ya addabi unguwar da cara.

A hanyar dawowa, da muka shigo gari, Yaya Sale ya juyo ya ce, "Lallai na ga wakilci." Hajara kuwa labari ya riga ni isa wajenta. Ina shiga gida ta tare ni da kwanon kunun kanwa, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Sannu mai jego."

Har yau ina sa wa kajina kwanci, kuma har yau ba wanda ya fi ni iyawa a unguwar. Abin da na koya shi ne, mutane suna yafe wa mai tausayi wautarsa, amma ba sa manta ƙaryarsa: yau ko tari na yi a taro, sai wani ya ce in kashe waya. Don haka idan abin kunya ya fara kuka a aljihunka, fito da shi da hannunka ka gabatar da shi ga jama'a, tun kafin ya leƙo ya gabatar da kansa.