Abin da Ke Cikin Mangala

Shekarar da aka wayi gari rumbunan Dajin Gawo wayam, yunwa ta sa har giwa ta fara ɗaure ciki da igiya. Zaki ya tara majalisa. Ministar Rumbuna, wato Kura, ta miƙe tana share hawayen da babu su.

"Ranka ya daɗe, manyan dawa, gwamnatinka ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Akwai dai waɗansu a cikinmu da ba namu ba. Ka taɓa ganin cikin bushiya? Da an matso sai ta dunƙule. Mai gaskiya me zai ɓoye?"

Zaki ya ji zancen bai taɓa shi ba, sai ya ce lallai Minista ta yi bincike. Aka ba Aku sankira aikin yaɗawa, shi kuwa ya mai da shi waƙa: "Bushiya ta dunƙule, gero ya ɓace." An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a dajin nan ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kafin sati an ce bushiya ce ta hana ruwan sama, ita ce kuma ta sa wa raƙumi tozo.

Akaza jaki ne, ɗan dako. Jakuna suna da wata al'ada da suke taƙama da ita: jakin kirki ba ya tambayar abin da ke cikin mangala. Tun kaka yake jidar kaya daga rumbu zuwa gidan Kura, ƙamshin gero yana dukan hancinsa, bai taɓa waiwayawa ba. Kura ba ta cin gero, tana dai son a roƙe ta.

Waƙar ta yi wa Akaza daɗi, har yakan yi ta da muryar nan tasa da Allah ya jarabci daji da ita. Maƙwabciyarsa Iya Kande, tsohuwar bushiyar da ke cire masa kaska a ƙafa, ta ɗago kai.

"Malam Akaza, har da kai?"

"Haba Iya, waƙa ce kawai. Ai ba ke ake nufi ba, ke daban ce."

"To, a ƙarƙashin gawon nan aka binne cibiyar kakana," in ji ta, ta ci gaba da cire kaskar.

Ba a jima ba Kura ta kafa rundunar karnukan daji masu jan ƙyalle a wuya, aka kuma yi doka: duk inda aka ambaci Zaki, kowa ya ɗaga ƙafar dama. Shamuwa da ke tsaye da ƙafa ɗaya ta kifa. Bushiyoyi kuwa, da karnuka suka daka musu tsawa, tsoro ya sa suka dunƙule.

"Kun gani da idonku!" in ji Kura. "Sun ƙi gaida sarki. Mu tsabtace daji, na yi muku alkawari gero zai dawo."

Wata safiya aka ɗora wa Akaza mangala, aka ce ya kai bayan iyaka, can hamadar da ko ƙadangare ba ya kwana. Bai tambaya ba. Yana tafe cikin ayarin jakuna, wani abu na tsikarinsa a haƙarƙari. Da ya kai gangare sai ya ji murya daga cikin kayan.

"Malam Akaza, bi a hankali. Akwai yara a ciki."

Muryar Iya Kande ce. Ya so ya tsaya, wallahi ya so. Amma jakin da ke gabansa yana tafiya, na bayansa yana turo shi, karnuka kuma suna gefe. Ya bi a hankali, iyakar alherin da ya iya ke nan.

Ya dawo da mangala ba komai. Gero bai dawo ba, kaska ta cika masa ƙafafu. Ya tarar da Aku a kan gawo yana gwada sabuwar waƙa a kan tsohon kiɗa.

"Sannu Akaza. Minista ta ce a tambaya, waɗannan dogayen kunnuwan naku, wa kuke saurara wa da su?"

Akaza ya duba ko akwai wanda zai ce shi daban ne. Ba a ma ambaci Zaki ba, amma kowa ya ɗaga ƙafar dama.