Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Dila Ba Tare da Iyalinka Sun Daskare Ba

Kai mai zaman kashe wando a lokacin sanyi, mai leƙa hotunan mutane a waya kana ƙwafa, matso kusa. Ka ga wani ya ɗauko zomo tsaye cikin raɓa, wani ya ɗauko fure da ɗigon ruwa a bakinsa, ka ce a ranka ai wannan ba wani abu ba ne. Gaskiyarka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. In sanyin bana ya wuce ba a fara kiranka Mai Hoto a layinku ba, to mutanen layin ne ba su da kirki. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, wani mai gyaran fanka da kowa ke kira Mai Fanka, kuma ta yi aiki tsaf har zuwa inda shi da kansa ya ɓata ta. Da shi za mu riƙa misali.

Mataki na ɗaya: Samo kyamara, kada ka yi shawara da kowa

Mai gyaran fanka ba shi da maƙiyi kamar sanyi. Tun da gari ya juya ba wanda ya sake leƙo shagonsa. Fankoki na jingine a bango, wasu ba kai, wasu ba fiffike, shi kuma yana tsakiyarsu yana goge sukudireban da ya riga ya goge. A irin wannan zaman ne ya hango kyamara a teburin mai kayan gwanjo da ke tsallaken titi, baƙa, mai dogon wuya, har da igiyar ratayawa. Zuciyarsa ta tafi ba ta dawo ba.

Aljihu babu komai. Amma a gida akwai hita ta ɗumama ɗaki, guda ɗaya tak, wadda ake ja daga falo zuwa ɗakin kwana kamar tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ya jira matarsa ta raka 'yarsu Auta makaranta, ya naɗe hitar a bargo, ya tsallaka titi, ya dawo da kyamara a wuya. Yi koyi da shi. Masana sun tabbatar cewa yawancin manyan masu hoto sun mutu ba a san su ba saboda sun tsaya tambayar mutanen gida.

Mataki na biyu: Shirya amsa

Mai Fanka bai shirya ba, shi ya sa nake gargaɗinka.

"Baban Auta, ina hitar?" in ji matarsa.

"Tana wurin gyara."

"Kai ne wurin gyaran."

Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya gyara igiyar da ke wuyansa. Ita ma igiyar ta bi da kallo har idonta ya iso kan kyamarar.

"Na ji," in ji ta. "Ba zan ɗaga murya maƙwabta su ji ba. Ka kawo min hoton dabbar daji guda ɗaya, mai rai, kai da wutsiya a hoto ɗaya, wadda zan kalla in faɗi sunanta ba sai ka gaya min ba. In ka kawo, kyamara taka ce, bakina da maganar hita har abada. In ka kasa, ka mayar wa mutumin kayansa da ƙafarka. Kuma ka hanzarta kafin wani ya saye hitar."

Ya ce wannan ai aikin gobe da safe ne. Hitar kuwa tana nan ƙarƙashin teburin mai gwanjo, ya jona ta yana gasa ƙafafunsa, duk wanda ya taya sai ya ce gwaji yake yi tukuna. Daga bakin shagonsa Mai Fanka yana hango jan wutarta kullum.

Mataki na uku: Je ka kwanta a ciyawa

Tashi da sassafe. Saka duk rigar da ka mallaka, ka ɗora ta ƙaninka a kai. Nufi filin da ke bayan gidajen ƙarshe, inda shara ta ƙare daji ya fara. Kwanta rub da ciki, ka daina numfashi.

Ka sani, dabbar daji tana da hanci na musamman da take shaƙo sabon mai hoto. Mai Fanka ya shekara yana ratsa filin nan da fanka a kafaɗa, kurege na tsayawa yana kallonsa ido cikin ido. Ranar da ya zo da kyamara, ko tururuwa sai da ta canza hanya. Ya samu ƙarshen wutsiyar wani abu. Ya samu reshen da kurciya ta tashi daga kai, yana lilo. Ya samu babban yatsansa sau da yawa.

Kada wannan ya karya maka gwiwa, suna ne ke yin hoto. Ciyawar da ba komai a cikinta, sa mata “Inda zomo ya kwana”. Bishiya tsirara, “Jiran baƙi”. Shiga guruf ɗin masu hoto a waya ka tura, akwai waɗanda aikinsu kenan yabawa.

A gida ne kawai dabarar ba ta ci.

"Wannan fa?" in ji Maman Auta.

"Bushiya ce."

"Dutse ne."

"Dunƙulewa ta yi."

"Jiya ma a nan ka ɗauke ta. Ba ta motsa ba?"

"Barcin sanyi take."

Ta miƙo masa kyamarar, ta mayar da hannayenta cikin hammata.

Mataki na huɗu: Koma kan furanni, su ba sa gudu

Haka ake faɗa. Abin da ba a faɗa shi ne suna rawa. Mai Fanka ya samu wani ɗan fure ruwan ɗorawa a gindin katanga, shi kaɗai ya ƙi mutuwa a duk filin. Da ya saita sai iska ta kaɗa shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba iska umarni da maɓalli uku, yau ga iska tana masa wasa da hankali ba wurin kashewa. Ya ji abin har ransa. Ya zaro waya daga aljihu, irin ta naɗin koyil ɗin fanka, ya kafa tsinke, ya ɗaure furen tamau, ya ja da baya don ya samu haske. Yana ja da baya akuya tana matsowa.

Furen ya tafi, amma akuyar ta fito raɗau, kai da wutsiya. Ya kai gida da saurinsa.

"Akuyar gidan tela ce," in ji matarsa. "Ga igiyarta nan a hoton."

"A daji na same ta."

"Kai ma a dajin aka same ka."

Mataki na biyar: Kula da kayan aikinka

A nan ne sana'arka ta asali za ta taimake ka. Wuyan kyamarar, wanda ake murzawa don a kusanto da abu, ya fara ƙara ƙiii saboda sanyi. Mai gyaran fanka kuwa ba ya iya jin abu mai juyawa yana kuka ya wuce, ko a gidan mutane ne. Ya ɗauko 'yar gwangwanin man inji mai dogon baki, ya ɗiga a wuyan, ya murza, ya ƙara ɗigawa don lada. Ƙara ta ɗauke. Man kuma ya bi hanyarsa a hankali har ya shimfiɗe a kan gilashin gaba.

Daga ranar duk abin da ya ɗauka sai ya fito cikin farin tururi. Bolar layi ta koma tsauni a cikin gajimare. Turken wutar lantarki ya koma wani abu mai sa mutum tunanin lahira. Guruf ya rikice. Wani ya rubuta cewa ya ji sanyin hoton har cikin haƙoransa. Wani ya roƙe shi ya faɗi inda yake samun irin wannan safiya, shi da yake fita kullum bai taɓa cin karo da ita ba. Mai Fanka ya amsa da cewa sai an yi haƙuri da yanayi.

In aka nemi ka kawo dusar ƙanƙara kuma ba ta sauka ba, kada ka tsaya jiran sama. Farin soson da ke cikin kwalin sabuwar fanka, murtsuke shi, ka kunna fanka a lamba uku, ka watsa. Ka dai rufe ƙofar shago, don kajin layi ba su san fasaha ba, kuma mai kajin zai zo.

Mataki na shida: Kada ka duba cikin gida

Mai hoto na gaske idonsa na nesa. Saboda haka bai kamata Mai Fanka ya lura cewa iyalinsa sun ƙaura kicin ba, sun shimfiɗa katifa kusa da risho. Bai kamata ya lura cewa Auta tana yin aikin makaranta da safar ƙafa a hannu ba, ko cewa ta fara wani tari mai ƙarar gwangwani. Ya lura. Kunya ta kama shi sosai, amma ya lallaɓa ta ya ajiye a gefe, ya ce ai saura ƙiris.

Wata safiya ya tarar da matarsa zaune da kyamarar a cinya, da ɗan ruwan sabulu a murfin kwano, tana goge gilashin da gefen zaninta.

"Me kike yi? Za ki ɓata min yanayi."

"Mai ne, Baban Auta. Har a matashin kai ya zuba." Ta hura gilashin, ta ƙara gogewa, ta ɗaga shi wajen taga. "In dai sanyi za ka kashe mu da shi, gara a ce hoton ya fito."

Ta rataya masa a wuya, ta gyara masa hular sanyi ta rufe kunnen da ya fito.

Mataki na bakwai: Danna

Ya kwanta a inda ya saba, amma ranar bai saita komai ba. Tarin Auta yake ji a kunnensa. Ya manta da ɓuya, ya manta da riƙe numfashi, yana kwance kawai kamar buhun da ya faɗo daga mota. Wataƙila shi ya sa dilan bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya fito daga bayan katanga, siriri, ja-ja, raɓa a gashin bayansa, tururi na fita daga hancinsa. Ya tsaya a gicciye, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya juyo da fuska. Yatsan Mai Fanka ya ƙage don sanyi, sai da ya danna da gwiwar babban yatsa.

Ya fito. Kunnuwa, idanu, ƙafafu huɗu, wutsiya har ƙarshenta.

Da gudu ya iso gida, riguna na rinjayarsa. Ya same su a kicin, Auta kwance a cinyar uwarta cikin bargo biyu, ba ta je makaranta ba. Ya durƙusa ya miƙa kyamarar ba tare da ya ce komai ba, don sharaɗi ne.

Maman Auta ta daɗe tana kallo.

"Dila ne," in ji ta. "Kai, ya yi kyau. Dubi idonsa." Da gaske take, har murmushi ta yi. Ta nuna wa Auta, yarinyar ta leƙo daga bargo ta ce, "Baba, kai ka ɗauka?" sannan tari ya sarƙe ta. Uwar ta shafa mata baya har ya lafa, ta miƙo masa kayansa. "Ka ci. Riƙe kyamararka. Na yi alkawari, ba za ka sake jin maganar a bakina ba."

Ka ga aiki ya kammala. Ga hoto, ga kyamara, ga bakin mai ɗaki an rufe. In kai ne, nan za ka tsaya.

Mataki na takwas: Abin da ba a yi

Mai Fanka ya tsaya a ƙofar kicin yana jiran daɗin ya zo, bai zo ba. Da ta yi masa gori, da ya san yadda zai yi da ita. Ya juya ya fita, ya tsallaka titi, ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye a teburin mai gwanjo.

"Ɗaga ƙafarka, malam."

"Haba, yanzu fa ta fara ɗumi."

"Ɗaga."

Ya rungumo hitar da zafinta, tana ƙona masa riga ta sama, bai sauke ba sai a gaban katifar. Sai da Auta ta fito da hannu ɗaya daga bargo, sannan ta fito da ɗayan, ya tuna bai tura hoton a waya ba, bai kuma cire ɗan katin da ke cikin kyamarar ba. Kafin ya koma wani mai ɗaukar hoton ɗaliban makaranta ya saye ta, ya goge komai don ya samu wuri.

A guruf ba wanda ya yarda. Sun ce mutumin da bai taɓa kawo ko ƙadangare cikakke ba, ina shi ina dila. A layi ma dariya ake yi, har yau Mai Fanka ake kiransa. Sai dai duk wanda ya kawo zancen a gaban Maman Auta, takan ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

"Ni na gani," take cewa. "Kai da wutsiya."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a mura, tari, kumburin kaji, ko ƙarar da tela zai kai saboda an ɗauki akuyarsa hoto ba izini. Duk wanda ya ɗiga mai a kyamara, shi da Allahnsa. Alkawarin da aka yi a sama bai shafi wanda ya leƙa kicin ba, an riga an hana shi a mataki na shida. Wanda kuma ya bi matakan nan daidai har ya tsaya a na bakwai, muna taya shi murna, amma kada ya kawo mana iyalinsa su ji ɗumi, mu ma tamu hitar tana wurin gyara.