Fatsar Surukin Mzee Shekuwe

Wani ne a tsibirin Lamu, ɗan tudu, ya auri 'yar masunta. Sau uku surukinsa Mzee Shekuwe yana fita teku da shi, sau uku ba abin da ɗan tudun ya kawo gida sai jiri da amai. Ran na huɗu tsohon ya ce, "Yau in ba ka kama komai ba, kai da jirgina har abada. Ka koma gonar rogonku."

Da suka kai zurfi, ya miƙa masa sanda mai zare siriri kamar gashi, da ɗan ƙarfe mai sheƙi da ƙugiya a jiki.

"Ina abincin kifin, Baba?"

"Babu. Bar ƙarfen ya nutse, ka riƙa fizgo shi kana saki, kifi zai zaci mai rai ne. In ya kama, ban da nuna ƙarfi, zaren zai tsinke. In ya ja ka saki, in ya saki ka ja."

Suka ba juna baya, kowa ya jefa fatsarsa ta gefensa. Ruwa kuwa ya kwashi ƙarafan nan biyu ya sarƙe su a ƙarƙashin jirgi. Tsoho ya fizga, sandar gogan ta lanƙwashe.

"Baba, ya kama."

"Yi mini shiru, nawa ma ya kama."

Gogan ya ja, tsoho ya saki. Tsoho ya ja, gogan ya saki. Haka aka yi ta yi har azahar ta gota, ba wanda ya waiwaya.

"Shekara arba'in ina teku," in ji tsoho yana haki, "ban taɓa gamuwa da kifi mai taurin kan wannan ba."

"Nawa dai tsoho ne tukuf, Baba. Ina jin yadda yake kyarma. Da ƙyar in yana da sauran haƙori."

"To bi shi a hankali."

Ina hankali, gogan ya gaji, ga tsoron komawa gona. Ya kafa ƙafa ya finciko. Daidai nan tsoho ya saki hannu ɗaya zai share gumi, sanda ta suɓuce ta faɗa ruwa. Ya zauna daɓas yana salati.

Gogan ya yi ta naɗe zare har sandar tsoho ta ɓullo ta gefensa. Ya ɗaga ta, ya juyo baki har kunne.

"Baba, kifin ya tsere, amma na gano dalilin taurin kansa. Ashe ɗan banzan masunci ne, ga fatsarsa na ƙwace."