Yadda Na Shaƙe Motar Ango da Mai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin Yaya Sanusi a Lyon ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni mutum ne mai shiru. A Paris nake karatu, kuma abin da nake karantawa shi ne yadda iska da ruwa ke gudu a cikin bututu. A takarda fa, da allon kwamfuta. Kafin wannan makon ban taɓa riƙe sifana ba. Laifina ɗaya: wata rana muna cin tuwo na yi suɓul da baka na ce iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, shi ya sa inji ya fi samun ƙarfi da ita. Daga ranar Yaya Sanusi ya laƙa mini suna Injiniya.

Yaya Sanusi ɗan wan babana ne, daga Damagaram muka fito dukanmu. A kasuwar Rungis da ke gefen Paris yake aiki, yana tuƙa motar ɗaga kaya. Yana da wata jar mota ƙirar Amirka mai ƙofa biyu, injinta silinda takwas, wadda in ya tashe ta sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. A Lyon ya saye ta, kuma a can ya kai ta wurin duba lafiyar motoci, inda wata ma'aikaciya mai suna Hadiza ta leƙa ƙarƙashinta ta lissafa masa aibobinta ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo Paris da motar da kuma lambar wayar Hadiza. Ita ce amaryar. (Ku riƙe wannan: amaryar da za ta shiga motar da na taɓa, da kunne kawai take gane ciwon inji.)

Saura kwana biyu biki, ranar Alhamis da la'asar, ya kira ni wurin ajiye motocin gidansu ya nuna mini wani kwali. A ciki akwai faffaɗan bututun ƙarfe, da maɗaurai, da jar filta mai siffar mazurari. Za a cire tsohon akwatin da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, a sa wannan, don motar ta sha iska mai sanyi da yawa, ta ƙara ƙarfi da gurnani.

"Injiniya, so nake ranar biki in na taka totur Hadiza ta ji muryar motar ta canza. Kada ka faɗa mata."

Na ce, "Yaya, ni fa a takarda nake…"

"To ai ga takarda nan a cikin kwalin," in ji shi. Ya miƙa mini mabuɗi ya tafi wurin tela.

Ban iya cewa a'a ba, don haka na yi abin da na iya: na karanta takardar sau huɗu. Na ɗauki hoton kowane ƙusa kafin in kwance shi. Na manna wa kowace waya lamba. Na cire ɗan ma'aunin iska daga tsohon bututu (wani ɗan abu ne mai siririyar waya a ciki, shi ke faɗa wa kwamfutar mota yawan iskar da ta shiga) na ɗaura shi a sabon, kibiyarsa na kallon inji kamar yadda aka zana. Wallahi aikin ya yi kyau. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari.

Sai na ɗauki filtar. Takarda ta ce an riga an shafa mata mai daga masana'anta, kuma 'yar kwalbar jan man da ke cikin kwalin ta gaba ce, sai ranar da aka wanke ta. Na taɓa filtar da yatsa, na ji ta a bushe. Zuciyata ta ce, wa ya san ko ma'aikacin yana sauri ranar? Na buɗe kwalbar na bi kowane ninki na ɗiga masa mai. Da na zagayo sai na rasa inda na fara, don haka na sake zagayawa. Zagaye na uku kuwa na lungu-lungu ne, don tabbatarwa. Kwalbar ta ƙare tas. Na tsaya ina kallon filtar tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga miyar manja, ina jin daɗin kaina.

Da Yaya ya dawo ya tashi motar, ta yi wani gurnani mai zurfi da har cikin haƙarƙarina na ji shi. Ya rungume ni. "Kai, karatu bai faɗi ƙasa banza ba!"

Ranar Juma'a da safe muka kama hanyar Lyon. Mun wuce rabin tafiya sai wata 'yar fitila ruwan goro ta kama a gaban sitiyari.

"Injiniya, mene ne wannan?"

Na ce, "Kwamfutar ce take sabawa da sabuwar iska." (Ban san daga ina jimlar ta fito ba. Ta dai fito da lafazin malamin jami'a.)

Da muka tsaya shan mai na shige ban-ɗaki na duba waya. Minti biyu suka ishe ni. Idan mai ya yi wa filta yawa, iska takan kwashe shi ta shafe siririyar wayar ma'aunin nan, sai ma'aunin ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya. A babbar hanya mota kan daure. A cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa, nan take mutuwa. Na wanke fuska sau biyu, na fito na tarar Yaya ya sayo mini shayi. Na karɓa na ce na gode. Sauran tafiyar ban iya zama daidai ba. Idona na kan fitilar. Sau uku na ce "Yaya," sau uku ya ce "Na'am," ni kuma in ce, "A'a, babu komai, hanyar ce da kyau."

Na shirya cewa Asabar da sassafe zan sulale in sayo abin fesawa in wanke ma'aunin ba wanda ya sani. Na sayo kuwa. Amma da na iso Rillieux-la-Pape a gefen Lyon, gidan su amarya inda motar take, sai na tarar Tanti Rabi, ƙanwar mahaifiyar Hadiza, ta riga ni. Ita da ƙawayenta sun ɗaure kapo, wato murfin injin, da fararen ƙyallaye, gicciye da tsaye, sun dasa katon tulin furanni a tsakiya. Na zagaya motar ya fi sau biyar, gwangwanin yana cikin aljihun babbar rigata.

"Kai, ɗan Paris, me kake nema?" in ji Tanti.

"Ina ganin ado ne, Tanti. Ya yi kyau."

"To gani da ido. Wanda ya taɓa mini furen nan, ni da shi."

An riga an ɗaura aure a Damagaram, amma a nan sai an je meri, ofishin magajin gari, an sa hannu. An ba mu ƙarfe biyu da rabi, an kuma gargaɗe mu cewa duk ayarin da ya makara ya rasa gurbinsa, sai a sake neman wata rana. Ga baƙi daga Paris, ga waɗanda suka taso tun daga Yamai. Duk wannan ina sane da shi lokacin da aka cusa ni a kujerar baya tare da Tanti Rabi da ɗaurin ɗankwalinta mai taɓa rufi. Ango na tuƙi, amarya na gefensa cikin farar riga. Motoci tara na biye da mu, ana oda, ana guɗa.

A danja ta farko motar ta yi tari. Hadiza ta ɗan karkata kai. A ta biyu ta yi shessheƙa, Yaya ya taka totur, ta yi ƙara mai ban tsoro amma tafiyar ba ta kai ta jaki ba. Wani dattijon Bature a kan keke, da burodi a kwandonsa, ya wuce mu yana ɗaga mana hannu. Da muka shiga shatale-tale sai ta ja numfashi ɗaya ta mutu, a tsakiya cif, ayarinmu ya toshe hanya huɗu. Ƙarfe biyu da minti goma sha shida.

Yaya ya murɗa mabuɗi. Ta tashi ta mutu. Ya sake. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Sanusi," in ji Hadiza a hankali, "me ka yi wa motar nan?"

"Kyauta ce na shirya miki…"

"Bon. Buɗe kapo."

Tanti ta yi salati. "Hadiza! Da rigar? Da lallen? Furena fa!"

Amarya ba ta ko juyo ba. Ta tattare rigarta ta fita, ta tsinke ƙyallayen da hannu ɗaya, ta miƙa wa mai ɗaukar bidiyo tulin furannin, ta ɗaga murfin. Kowa ya fito daga motarsa. Ta dubi bututun ta gyaɗa kai, har ta ce, "Ɗaurin ya yi tsaf." Na fara numfashi. Sai ta shafa filtar da yatsa biyu, ta ɗago su jajur suna ɗiga.

"Wa ya yi wa filtar nan wanka da mai?"

Har masu oda suka dakata. Kuma a nan ne jikina ya ci amanata. Shekara ashirin ina zaman aji, duk lokacin da aka yi tambayar da na san amsarta abu ɗaya nake yi. Ban ankara ba sai na ga hannuna a sama, yatsa ɗaya a miƙe, a tsakiyar shatale-tale, gaban mutum arba'in.

"Kai ne, ƙanin miji? Sau nawa?"

Na ce, "Uku." Muryata kamar ta sauro.

"Takardar ba ta ce an riga an shafa ba?"

"Ta ce."

"To?"

"Na ga kamar… bai isa ba."

Dariyar da aka kwashe da ita, har direban bas ɗin da muka tare sai da ya yi, shi da ko Hausa ba ya ji. Na zaro gwangwanin daga aljihu na miƙa mata. Ta dube shi, ta dube ni.

"Au, ashe ma ka sani. Tun yaushe?"

"Tun jiya."

Yaya ya juyo ya dube ni. Kallon da ya yi mini ya fi dariyar ciwo.

"Ba lokacin wanki," in ji Hadiza. Ta sa hannu ta cizge wayar ma'aunin gaba ɗaya. "Yanzu kwamfuta za ta yi ta kintace. Za ta sha mai kamar raƙumi, amma za ta kai mu. Tashe ta, Sanusi."

Ta tashi. Mun shiga meri saura minti uku, amarya da jan tabo a hannun rigarta, Tanti rungume da furanninta tana harara ta har muka zauna. Yaya bai yi mini magana ba sai wajen cin abinci, da ya turo mini farantin nama ya ce, "Man bai dame ni ba. Shayin da ka sha jiya ka yi shiru, shi ya dame ni." Na ba shi haƙuri, kuma a karon farko a makon na faɗi jimla har ƙarshenta.

Bidiyon ya riga ni isa Damagaram. Har yau in na kira gida, innata takan tambaye ni, da gaske fa, ko a Faransa doka ce mai laifi ya ɗaga hannu.

Abin da na koya bai da yawa. In fitila ta kama, in buɗe baki tun muna kan hanya. In kuwa aiki ya kammala, na ji zuciyata tana raɗa mini cewa in ƙara ɗan kaɗan don tabbatarwa, sai in zuba hannuwana biyu a aljihu in tafi yawo.