Rasuwar Ɗan Gwanjo da Ledar da Ban Ɓare Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kaina a ɗage, ni Mubina Sanda ta Limawa, mai haɗa bidiyon biki da katin gayyata a ɗan shagon da ke ƙofar gidanmu, nake sanar da 'yan uwa, da abokan ciniki, da masu jiran su yi dariya, rasuwar furosesan kwamfutata, wato ƙwaƙwalwarta, wanda aka fi sani da Ɗan Gwanjo. Ya cika ranar Litinin da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, bayan gajeriyar jinya ta kwana biyu.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Ya iso hannuna shekara huɗu da suka wuce, a naɗe cikin tsohuwar jarida, daga shagon Irimiya, mai gyaran kwamfuta ɗan Maikunkele. Faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba. Ni na gina masa gida da hannuna, ƙarfe bayan ƙarfe, waya bayan waya, a kan bencin aikin Babanmu, wanda maƙerin kwano ne kuma ɗan mai gyaran kan jirgin ƙasa. Ranar da allon ya fara kawo haske, Baba ya zaro mabuɗin shagon daga aljihu ya miƙa mini, ya ce muddin injin nan yana aiki, ɗakin nawa ne. Yayana Sadiq yana tsaye a wurin. Ya daɗe yana son ɗakin don ajiye jakunkunan ruwan leda da yake sayarwa, kuma tun daga wannan rana bai taɓa wucewa ta ƙofar ba tare da ya leƙo ya tambayi lafiyar injin ba, da irin kulawar da magaji ke yi wa tsoho mai gona.

Marigayin mai haƙuri ne. An ɗauke masa wuta a tsakiyar aiki sau ba adadi, ya kuma tashi bai riƙe kowa a zuci ba. Ya halarci bukukuwa sittin da uku bai ci shinkafar kowa ba, na masallaci da na coci, daga Bosso har Wushishi. Ya ga fuskokin amare kafin in gyara haske, ya ga angon da ya yi gyangyaɗi ana yi masa nasiha, ya ga gwaggon da ta zuba naman tebur biyu cikin jakarta, kuma har ya koma bai tona asirin kowa ba. Magana ɗaya yake yi a yini. Idan na danna maɓalli da safe, sai ya ce "ƙit", ni kuma in san cewa yau ma za mu ci abinci.

Zafin Maris ne ya fara taɓa shi. Wanda ya san Minna a wannan wata ya san ko ƙarfen ƙofa sai an yi shawara kafin a kama. 'Yar ƙaramar fankar da ta zo tare da shi, wadda ta shekara huɗu tana yi masa fifita, ta fara kukan "wuuu" tun daga hantsi. Tausayinsa ya kama ni. Na hau Keke Napep na tafi wurin Irimiya, na ɗauko masa sabuwar fanka irin ta manya, mai tulin ƙarfe jere kamar shafukan littafi, da bututun tagulla huɗu, da tafin da ke zama a kan furosesa yana zuƙe zafinsa. Irimiya ya riƙe kwalin bai sake mini ba. "Mubina, kawo injin ni zan sa maka. Wannan ba kamar na da ba ne, yana da wahala kaɗan." Na ce masa wadda ta gina gida ba ta kiran magini don ya rataya mata labule.

Ina so a rubuta, a kuma karanta wa Yaya Sadiq a hankali, cewa aikin da na yi ranar Asabar ɗin nan aiki ne mai tsafta. Na cire tsohuwar fanka ban karya mata ƙafa ko ɗaya ba. Na goge busasshen man da ke kan marigayin da auduga har ya yi ƙyalli. Na ɗaura ƙarfen riƙo ta bayan babban allon cikin injin, wanda furosesa ke zama a kai. Na ɗiga sabon mai, wannan mai launin toka da ke haɗa furosesa da tafin fanka, daidai ƙwayar wake, ban ƙara ba ban rage ba. Notuna huɗun nan na bi su kusurwa da kusurwa, juyi bibbiyu, yadda Baba ke ɗaure murfin tanki. Kuskure ɗaya na yi, kuma don a gane shi dole in fito da wani sirrin gidanmu.

A gidan Malam Sanda ba a ɓare ledar sabon abu. Kujerun falonmu sun shekara goma sha ɗaya cikin ledarsu, baƙo ya zauna ya tashi da gumi a baya. Rimot yana cikin leda, an kuma ɗaure ledar da roba. Agogon bango har yau da takardar kamfani a fuskarsa, ta gefe muke karanta ƙarfe shida. Mamanmu, Hajiya Rabi'atu, ta raine mu a kan cewa mai ɓare leda almubazzari ne, kuma ni na sha duka ina 'yar shekara tara saboda na ɓare ledar murfin firji. To, da na juya sabuwar fankar, sai na ga tafin tagullarta yana sheƙi a ƙarƙashin wata siririyar leda mai jan rubutun China. Na gan ta sarai. Farcena har ya shiga gefenta. Sai hannuna ya tsaya da kansa, zuciyata ta ce wannan kyakkyawar tagulla ce za a shafa wa mai baƙi-baƙi, a bar mata rigarta mana. Na kifa ta a kan Ɗan Gwanjo da ledarta, na ɗaure, ina jin daɗin kaina.

Daga nan jinya ta fara. Sabuwar fanka tana juyawa shiru, cikin isa, tana hura iska mai sanyi, shi kuwa bawan nan yana ƙonewa a ƙarƙashinta, leda ta raba shi da taimakon da ke zaune a kansa. Ya yi ƙoƙarin gaya mini. Ya bar "ƙit" ɗinsa ya koma "ti-ti-ti-ti", ya kashe kansa, na kunna. Ya sake mutuwa, na sake kunnawa. Ina da bidiyon auren Rose da Caleb a hannu, kuma ban yarda cewa fanka mai bututu huɗu za ta gaza inda 'yar mitsitsiya ta iya ba. Na shiga saitin injin na kashe ƙararrawar, na ce tsoho ne bai saba da jin daɗi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma na yi kuka a kansa, ba na ɓoyewa. Ranar Litinin, ana tsakiyar rawar uwar amarya, allon ya yi baƙi. Na danna maɓalli. Bai ce komai ba.

Irimiya ne ya duba gawar. Ya kwance notunan, ya ɗaga fankar, ya daɗe yana kallon tafinta. Ledar tana nan, ta ɗan yamutse, mai ya dame ta. "Kai ba ka cire wannan ba?" Na ce ban cire ba. Ya kai farce zai ɓare, na riƙe hannunsa na ce ya bar ta, tana da sauran aiki. Allah ya saka masa, bai yi dariya ba sai da ya fita waje.

Saboda haka ina sauƙaƙa wa masu bincike: ni na kashe shi. Ba wuta ba ce, ba zafin gari ba ne, ba laifin mai sayarwa ba ne. Abin da ban karɓa ba shi ne ta'aziyyar da ke zuwa da wutsiya. Wadda ta ce dama wannan ba aikin mata ba ne, ta riƙe gaisuwarta, na yafe. Wanda ya ce in sayi ƙaramar kwamfutar hannu in huta da sukudireba, na gode, ban gaji ba. Yaya Sadiq kuma, wanda ya zo gaisuwa da tef ɗin awo a aljihu yana kallon bangon shagona, ya sani na ga tef ɗin. Baba ya yi magana, kuma ba ya maimaitawa: ranar Juma'a idan ya dawo daga masallaci zai leƙa shagon, in ya tarar da allo a mace, mabuɗi ya koma hannun Sadiq. Na ji, ban roƙi ƙarin kwana ba.

Marigayin ya bar babban allon da ya zauna a kai, wanda aka gwada aka samu lafiya lau. Ya bar ram guda biyu, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta injin, da faifan ajiya mai ɗauke da auren Rose da Caleb cif, ba abin da ya ɓata, a gaya musu su kwantar da hankali. Ya bar tsohuwar fanka, wadda nake neman afuwarta a bainar jama'a, domin duk kukanta ba ta taɓa barin sa ya ƙone ba. Ya kuma bar ni.

Akwai wadda ba ta zo gaisuwa ba. Mama ta ji labarin ledar daga bakin Sadiq, ta shige ɗakinta. Jiya Talata da hantsi na ga an fito da wani kwali daga ƙarƙashin gadonta: keken ɗinkin da ƙaninta na Wushishi ya ba ta shekara tara da suka wuce, wanda ko zare ba a taɓa sa masa ba. Ta sa a Keke Napep ta fita. Ba ta dawo da shi ba. Da la'asar ta shigo shagona, ta ajiye wani abu naɗe cikin jarida a kan teburi, furosesa ne daga wurin Irimiya. Ta ce mai sayen keken bai yi ko ciniki ba, tun da ya gan shi sabo fil. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Kin dai ga amfanin leda." Ta juya ta fita.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan la'asar, a shagon marigayin da ke Limawa. Ba wanka, domin ruwa bai taɓa yi masa daɗi ba. Hajiya Rabi'atu ce za ta buɗe taro, za ta ɓare ledar tafin fankar da hannunta, karo na farko a rayuwarta, kuma ana roƙon jama'a kada a kalle ta sosai. Daga nan ni zan ɗora fankar a kan magajin marigayin, ni kaɗai. Irimiya zai zauna kusa, amma an roƙe shi ya sa hannuwansa cikin aljihu. An tanadar wa Yaya Sadiq kujerar gaba, daidai inda zai ji "ƙit" da kunnensa, kuma idan yana son kawo ruwan leda don masu zaman makoki, za a karɓi jaka ɗaya.

Ba za a binne Ɗan Gwanjo ba. Na kai shi maƙera yau da safe na ce Baba ya huda mini kusurwarsa. Ya juya shi a tafin hannu, ya tambaye ni me za a rataya. Na ajiye mabuɗin shagon a kan benci. Baba ya dube ni, ya dubi mabuɗin, ya ce Juma'a ba ta yi ba tukuna. Na ce na sani. Ya ɗauki abin huji ya huda, ya zura zoben da kansa, ya matse shi da filaya yadda ba mai buɗe shi da farce, sannan ya miƙo mini.